Hani da Gado a Rawar Kabuki ta Ƙasar Japan: Nazarin Yadda Dokokin Hukuma Suka Gina Fasahar 'Yan Wasa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rawar kabuki, ɗaya daga cikin manyan wasannin dandamali na gargajiya a ƙasar Japan, tare da matsayin 'yan wasan da ke aiwatar da ita. Manufarta ita ce nuna cewa siffofi biyu da aka fi sanin kabuki da su a yau, wato fitowar maza a matsayin mata da kuma gadon sunan wasa a cikin zuri'a, sun ginu ne a ƙarƙashin hane-hanen hukuma da ƙasƙancin da 'yan wasa suka fuskanta a zamanin Edo (1603 zuwa 1868). An bi tarihin wasan daki-daki, sannan aka ƙwanƙwance rawa guda, wato Musume Dojoji, a matsayin misali. Nazarin ya gano cewa hani bai kashe rawar ba, sai dai ya sauya mata alƙibla daga dogaro da kyan jiki zuwa dogaro da horo. Ya kuma gano cewa gadon da ake alfahari da shi ya sha tsira ta hanyar ɗaukar 'ya'yan riƙo daga wajen zuri'a.

Fitilun Kalmomi: kabuki, rawa, onnagata, gado, hani, wasan kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin wasannin gargajiya, akan ɗauka cewa duk wasan da ya daɗe an gaje shi ne cif-cif daga kaka da kakanni, kuma kowane sauyi da ya same shi naƙasu ne. Wasan kabuki fage ne mai kyau na gwada wannan zato, domin tarihinsa a rubuce yake. An san sunayen manyan 'yan wasansa da shekarun da aka fara nuna fitattun raye-rayensa. An san dokokin da hukuma ta kafa a kansa. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17 ake buga littattafan sharhi da ke auna ƙwazon 'yan wasa, masu zane kuma sun bar hotunansu birjik.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ta yaya rawar da mace ta ƙirƙira ta koma sana'ar maza har kusan ƙarni huɗu, kuma me wannan sauyi ya haifar a jikin rawar da rayuwar masu yin ta? Amsar tana da muhimmanci a yau, domin tsarin da ya raya kabuki jiya shi ne ake muhawara a kansa yanzu game da wanda zai gaje shi gobe.

2.0 Asalin Kabuki da Hane-hanen Hukuma

2.1 Okuni da Rawar Farko

A shekarar 1603, shekarar da Tokugawa Iyeyasu ya karɓi muƙamin shogun, wato shugaban mayaƙa mai riƙe da ragamar mulki, wata mata mai suna Okuni, wadda ake dangantawa da wurin bauta na Izumo, ta fito da sabuwar rawa a birnin Kiyoto. Takan yi shigar maza, ta rataya takobi, ta kwaikwayi samarin birni 'yan ƙwalisa masu zuwa gidajen shan shayi suna zolayar mata. Irin waɗannan samari ana kiransu kabukimono, daga aikatau kabuku, mai ma'anar karkata ko kauce wa abin da aka saba. Daga baya ne aka riƙa rubuta sunan da haruffa uku masu nufin waƙa da rawa da gwaninta. Ke nan tauraruwar kabuki ta farko mace ce da ke fitowa a matsayin namiji, akasin abin da aka san wasan da shi yanzu.

Gaɓar kogin Kamo ta zama matattarar irin waɗannan wasanni. Daga nan ne 'yan wasa suka samu laƙabin raini na "mabaratan bakin kogi", wanda ya bi su tsawon zamanin Edo. A tsarin zamantakewar lokacin, wanda ya jera mayaƙan samurai da manoma da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, 'yan wasa ba su da gurbi.

2.2 Hanin 1629 da na 1652

Ƙungiyoyin mata da suka kwaikwayi Okuni sun yawaita, kuma da dama daga cikinsu na gidajen karuwai ne. Saboda zargin lalata da faɗace-faɗacen da ke ɓarkewa tsakanin 'yan kallo, hukuma ta haramta wa mata hawa dandamali a 1629. Yara samari suka maye gurbinsu, sai irin wannan zargi ya sake tasowa, aka haramta nasu wasan a 1652. Da aka ba da izinin ci gaba a shekarar da ta biyo baya, an gindaya sharuɗɗa biyu: dole 'yan wasa su aske gashin gaban kai kamar yadda baligan maza ke yi, kuma dole wasan ya zama na kwaikwayon labari, ba rawar nuna jiki kawai ba.

Waɗannan sharuɗɗa su ne mafarin kabukin da aka sani. Namiji baligi mai askakken goshi ba zai ja hankalin 'yan kallo da ƙuruciya ba, sai da iyawa. Masu fitowa a matsayin mata suka fara rufe askin da ƙyalle mai launin shunayya, daga baya aka inganta hular gashi. Aka rarraba matsayi: mai fitowa jarumi, da mai fitowa mugu, da mai fitowa mace, wanda ake kira onnagata. Kowane matsayi ya samu nasa horon.

2.3 Ci Gaban Matsin Lamba

Sa-idon hukuma bai tsaya nan ba. A 1714 aka rufe gidan wasa na Yamamura har abada bayan wata babbar ma'aikaciyar cikin gidan shogun mai suna Ejima ta ziyarce shi, aka zarge ta da alaƙa da ɗan wasa Ikushima Shingoro, wanda aka kora zuwa wani tsibiri. Daga nan manyan gidajen wasa masu lasisi a Edo, wato Tokiyo ta yau, suka rage uku: Nakamura da Ichimura da Morita. A 1842 kuma aka kwashe gidajen wasan zuwa unguwar Asakusa da ke gefen birni, aka kori Ichikawa Danjuro na Bakwai daga Edo bisa laifin rayuwar almubazzaranci da ta wuce matsayinsa.

3.0 Ginshiƙan Rawar Kabuki

Masana sukan rarraba motsin rawar kabuki gida uku. Na farko shi ne mai, wato kewayawa a natse ana jan ƙafa a ƙasa, wanda aka aro daga tsohon wasan noh na masu mulki. Na biyu shi ne odori, mai tsalle da buga ƙafa bisa kari, wanda ya fito daga raye-rayen talakawa na bukukuwa. Na uku shi ne furi, wato kwaikwayon aiki ko yanayi da motsin jiki. A nan mafici guda kan zama wasiƙa, ko ƙoƙon sha, ko ganye mai faɗowa, gwargwadon yadda mai rawa ya riƙe shi. Wannan kashi na uku ne ya ɗaure rawar da labari, kuma shi ya dace da sharaɗin kwaikwayo da hukuma ta gindaya.

Jigon kiɗan shi ne shamisen, abin kiɗa mai tsirkiya uku da ya yi kama da molo, wanda ya shigo Japan daga tsibiran Ryukyu a ƙarni na 16. Akan haɗa shi da sarewa da ganguna ƙanana. Salon nagauta shi ya fi yawa wajen rakiyar rawa, sai tokiwazu da kiyomoto da suka fi karkata ga ba da labari. A wasannin rawa makaɗa da mawaƙa kan zauna a jere a bisa dandamali, 'yan kallo na ganinsu.

Shi ma dandamalin yana cikin rawar. Akwai hanamichi, wata doguwar hanya da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo zuwa dandamali, inda ake shigowa da fita cikin rawa. Akwai dandamali mai juyawa, wanda marubuci Namiki Shozo ya fito da shi a Osaka a 1758, da ƙofofin ƙasa masu ɗago ɗan wasa. A ƙololuwar wasa jarumi kan daskare cak, ya juya kai, ya zare ido. Wannan tsayuwa ita ce mie, kuma ana rakiyarta da bugun katako biyu a kan allo. Kwalliyar fuska ta kumadori ma tana da ma'ana: jan zane na nuna jarumta da ƙarfi, shuɗi kuma mugunta.

4.0 Onnagata da Rawar Musume Dojoji

4.1 Jikin da Horo Ya Gina

Onnagata yana sake fasalin jikinsa ne gaɓa-gaɓa. Yakan haɗe gwiwoyi ya ɗan rusuna domin rage tsawo, ya karkatar da yatsun ƙafa ciki, ya ja allon kafaɗa baya ya sauke kafaɗun, ya manne gwiwar hannu da jiki, sannan ya siranta murya. Riƙe wannan tsayuwa na tsawon sa'a guda cikin sutura mai nauyi da hular gashi aiki ne na ƙarfin gaske, ko da yake abin da ɗan kallo ke gani shi ne taushi.

Yoshizawa Ayame na Ɗaya (1673 zuwa 1729) shi ne ya fi tasiri wajen kafa ƙa'idojin wannan matsayi. A cikin maganganunsa da aka tattara da sunan Ayamegusa, ya yi kira ga onnagata da ya riƙe ɗabi'un mata har a wajen dandamali domin kada wasansa ya zama na ƙarya. Duk da haka shi kansa magidanci ne da 'ya'yansa suka gaje shi a sana'ar. Wannan ya isa ya nuna wa mai nazari cewa kwatanta onnagata da 'yan daudu kai tsaye kuskure ne, domin onnagata matsayi ne na sana'ar dandamali mai malamai da darajoji da magada. Macen da yake nunawa ma ƙirƙirarriyar siffa ce da aka tace daga motsin matan zamanin Edo, aka ƙara mata gishiri, har ta zama abin koyo ga mata masu koyon rawa.

4.2 Ƙwanƙwance Rawar

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, rawa fagen onnagata ce. Mafi shaharar abin da suka bari shi ne Musume Dojoji, wadda Nakamura Tomijuro na Ɗaya, ɗan Ayame, ya fara yi a gidan wasa na Nakamura a 1753. Tushenta tsohon labari ne na wata budurwa, Kiyohime, da ta so wani matashin malamin addinin Buda mai suna Anchin. Ya guje mata, ya ɓuya a ƙarƙashin ƙararrawar wurin bauta na Dojoji. Baƙin ciki ya mayar da ita macijiya, ta naɗe ƙararrawar, ta ƙone shi a ciki.

Rawar ta fara ne bayan wannan ya wuce, ranar da ake bikin rataya sabuwar ƙararrawa. An hana mata shiga wurin. Sai ga wata mai rawa, Hanako, ta roƙi a bar ta, malaman suka yarda bisa sharaɗin ta yi musu rawa. Ta fara da salon mai cikin natsuwa, sanye da doguwar hula. Daga nan ta cire hular, kiɗa ya sauya, ta shiga jerin raye-raye da ke nuna matakan zuciyar budurwa: wasan ƙwallo na ƙuruciya da hannu wofi, rawar huluna, sai sashen da ta riƙe ƙyalle tana bayyana ƙauna da kishi, sannan rawar ƙaramar ganga da ta kacau-kacau. A tsakani ana sauya mata sutura a gaban jama'a ta dabarar hikinuki, inda mataimaki ke zare zaren da ya riƙe rigar sama, ta faɗi nan take, wata mai sabon launi ta bayyana. Lokaci-lokaci takan jefa wa ƙararrawar wani kallo mai nauyi. A ƙarshe ta kutsa, ƙararrawar ta faɗo, ta haye kanta, aka gane ruhin macijiyar ce ta dawo.

Abu biyu suka fito fili a nan. Na farko, labarin ɗan kaɗan ne, nauyin wasan duka yana kan iyawar mutum guda na riƙe dandamali kusan sa'a ɗaya, yana sauya yanayi ba tare da ya saki siffar budurwa ba. Wannan shi ne sakamakon komawa ga horo da aka ambata a baya. Na biyu, jigon rawar shi ne mace da ta shiga wurin da aka haramta wa mata ta hanyar rawa, kuma namiji ne ke taka ta a dandamalin da aka haramta wa mata. Ba lallai ne Tomijuro ya nufi suka ga hukuma ba, amma tarihin hanin yana nan kwance a cikin wasan.

Daga baya masu fitowa jarumai suka shiga fagen rawa, musamman Nakamura Nakazo na Ɗaya da rawar Seki no To a 1784. A 1893 Danjuro na Tara ya fito da Kagami Jishi, inda ɗan wasa guda ke fara rawa a matsayin budurwa mai kunya, sannan ya dawo a matsayin ruhin zaki yana wulwula dogon gashi.

5.0 Gadon Suna da Iyakokinsa

A al'ummar da sana'a ke bin jini, kuma lasisin gidan wasa ke hannun iyalai ƙalilan, dukiyar ɗan wasa ita ce sunansa da salon gidansu. Danjuro na Ɗaya (1660 zuwa 1704) ya kafa salon aragoto na jarumta da ƙaraji a Edo, Sakata Tojuro na Ɗaya kuma ya kafa salon wagoto mai taushi a yankin Kiyoto da Osaka. Kowane gida yana da kata, wato tsayayyen tsarin taka kowane matsayi, da ake koya wa yaro tun yana ƙarami. Danjuro na Bakwai ya ware wasanni 18 ya ayyana su a matsayin na gidansu. Har yau ƙwararrun 'yan kallo kan ɗaga murya su kira laƙabin gidan ɗan wasa a daidai gaɓar da ta dace: Naritaya ga gidan Danjuro, Otowaya ga gidan Onoe Kikugoro. Aikin wannan kira ya yi kusa da na kirari.

Ɗan wasa kan hau sunaye mataki-mataki a bikin da ake kira shumei. A gidan Danjuro akan fara da Shinnosuke, a koma Ebizo, sannan Danjuro. Na baya-bayan nan shi ne Danjuro na Goma Sha Uku, wanda ya karɓi sunan a watan Nuwamba na 2022 bayan annobar korona ta jinkirta bikin.

A zahiri tsarin ya yi daidai da karin maganar nan ta kyan ɗa ya gaji ubansa, amma tarihin gidan ya nuna wani abu daban. Danjuro na Tara ya rasu a 1903 bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata biyu. Ba a sake samun mai taka dandamali da sunan ba sai a 1962. Na Goma surukinsa ne da aka ba sunan bayan rasuwarsa, na Goma Sha Ɗaya kuwa ɗan Matsumoto Koshiro na Bakwai ne da aka ɗauko riƙo. Haka kuma Bando Tamasaburo na Biyar, wanda aka haifa a 1950, kuma ake ɗauka a matsayin babban onnagata na wannan zamani, ba ɗan gidan kabuki ba ne. Ya fara koyon rawa ne bayan ciwon shan-inna da ya same shi yana yaro, Morita Kan'ya na Goma Sha Huɗu ya ɗauke shi riƙo a 1964, kuma a 2012 gwamnati ta sanya shi cikin gwanayen da ake kira taskar ƙasa mai rai. Ke nan abin da ake gada shi ne suna da kata, jini kuwa hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyin isar da su.

6.0 Daga Ƙasƙanci Zuwa Taskar Ƙasa

Darajar 'yan wasa ta sauya bayan faɗuwar mulkin shogun. A 1887 Sarki Meiji ya kalli kabuki a gidan ministan harkokin waje Inoue Kaoru, a 1889 kuma aka buɗe gidan wasa na Kabuki-za a Tokiyo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin mamayar Amurka sun taƙaita wasannin da ke ɗaukaka biyayya ga ubangida da ɗaukar fansa na ɗan lokaci. A 1965 gwamnatin Japan ta ayyana kabuki a matsayin muhimmiyar kadarar al'ada, UNESCO kuma ta karrama shi a 2005, ta shigar da shi jerin al'adun duniya a 2008.

Wannan ɗaukaka ta zo da nata matsaloli. Dokar da ta hana mata ta daɗe da gushewa, har an samu gwana irin Ichikawa Kumehachi a zamanin Meiji, amma manyan dandamali na hannun maza har yau. Abin da ya fara a matsayin tilas ya koma abin da ake karewa da sunan al'ada, alhali a makarantun rawar gargajiya irin su Fujima da Hanayagi, inda ake koyar da raye-rayen kabuki, mata ne suka fi yawa. Haka nan gidajen gado ba sa samar da isassun 'yan wasa. Shi ya sa Gidan Wasa na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1966, ya fara horar da 'ya'yan talakawa a 1970. Waɗanda suka fito daga wannan horo suna cike gurabe masu yawa, sai dai manyan matsayi sun fi zuwa ga 'ya'yan gida. Fim ɗin Kokuho na 2025, wanda ya samu gagarumar karɓuwa a Japan, ya ginu ne a kan wannan takaddama ta jini da baiwa.

Ga mai nazarin Hausa, wannan tarihi na buɗe ƙofar tambayoyi a kan nasa fagen. Wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, shi ma wasa ne da jinsi guda ke taka matsayin ɗaya jinsin a cikin iyakokin da al'umma ta shata. Gadon kiɗa a gidajen makaɗan fada da muhawarar tace rawa a finafinan Hausa su ma suna buƙatar a tambayi abin da hani ya haifar a jikin fasahar, ban da abin da ya hana.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rawar kabuki daga Okuni a 1603 zuwa yau. An ga yadda hanin 1629 da na 1652 suka fitar da mata da yara daga dandamali, suka tilasta wa maza baligai gina siffar mace ta hanyar horo, kamar yadda rawar Musume Dojoji ta nuna. An kuma ga cewa gadon suna ya ba 'yan wasa kariya da daraja a lokacin da ba su da gurbi a al'umma, kuma ya ɗore ne saboda yana karɓar baƙi idan jini ya yanke. Bisa ga haka, ana ba da shawarar cewa mai nazarin kowane wasan gargajiya ya binciki lokacin da kowace siffa tasa ta samu da dalilin samuwarta kafin ya yanke hukuncin cewa asali ce. Batun shigar mata da matsayin waɗanda ba 'yan gado ba a kabuki yana nan a buɗe, kuma ya cancanci nazari na musamman.